Tsufa Ba Ya Rufe Ƙofar Karatu

Ana yawan cewa wanda ya haura shekara 60 kansa ya daina ɗaukar karatu, sai zaman dakali. Ba haka ba ne. Abin da ke karya gwiwar dattijo shi ne ɗaukar shafi guda na Alƙur'ani a rana, gobe ya manta. Aya 3 bayan Asuba sun isa, ya maimaita su cikin sallolin ranar. A samo masa Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, a gyara tabarau. Sau da yawa ido ne ya gaza, ba ƙwaƙwalwa ba. Waƙar bege ma tana zama a kai, saboda amshi, ga sanyaya zuciya. Mai son tarihi kuwa, jika ya raka shi Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, da hantsi, kafin rana ta yi zafi.