Yadda aka ɗaure ni da fiyano

Babbar fiyano mai ƙafa uku, wato kayan kiɗan nan da ake danna maɓallansa da yatsu, ba ta wucewa ta ƙofa a tsaye. Faɗinta wajen santimita 150 ne, ƙofar ɗakin da Hajiya mai fiyanon take so a kai ta kuwa 90. Dole a kwantar da ita a gefenta. Ni mai gyaran sautin fiyano ne a Jos, shi ya sa aka kira ni in duba kayan aikin kafin kowa ya taɓa ta.

Shugaban 'yan dako ya zagaya ta ya ce, "Oga, mu shida ne, firiza ma mun ɗauka." Na ce masa wannan ta kai kilo 300, kuma nauyin ba a katakon kaɗai yake ba, kaso mai yawa yana cikin ƙarfen zubi da ke riƙe da wayoyi sama da 200, waɗanda jansu ya kusa tan 20. Ya ce to a tura ta a kan tayoyinta. Na ce a'a. Waɗannan ƙananan tayoyi na ɗan gusar da ita ne kawai. Da ɗaya ta ci karo da bakin tayil, jikin zai ci gaba, ƙafar ta tsaya, sai ka ji ɓas.

Kayan da aka kawo uku ne. Akwai dogon katako da kafinta ya lulluɓe da bargo, shi kam ya yi: ya kai tsawon fiyanon, yana da tokari a ƙarshensa ɗaya da ramukan zura bel. Akwai bel mai maƙulli irin na ɗaure kaya a mota, shi ma lafiya lau. Na ukun kura ce mai taya huɗu da mai walda ya haɗa. Ƙarfen ya yi kauri, amma duk tayoyin masu juyawa ne, babu birki ko a ɗaya. Na faɗa. Hajiya ta ce, "Malam, ai ba tsere za a yi ba."

Muka fara bisa ƙa'ida. Aka cire allon ɗora takarda, aka zare ƙusoshin maƙalar murfi aka ajiye murfin gefe, domin bakinsa ya ɗan zarce jikin, idan nauyi ya hau kansa maƙalar ce ke tsagewa. Sai aka cire gidan fedoji, wato katakon da ke rataye a ƙasa yana riƙe da fedojin da ake takawa da ƙafa. Wasu kan bar shi su jingina fiyanon a kansa yayin karkatarwa, ni ba na yarda, ba don ɗaukar nauyi aka yi shi ba. Na rubuta lamba da alli a kowace ƙafa, saboda ba lallai ƙafar nan ta zauna a gurbin waccan ba.

Wurin da ake jin jiki shi ne ƙafar gaba ta hagu, ɓangaren sautuka masu kauri. Mutum uku suka tallafe kusurwar, na kwance ƙafar, aka sauke kusurwar a hankali kan katakon, sannan sauran suka ɗaga ɓangaren dama har ta miƙe a kan dogon gefenta madaidaici. A gefen nan kaɗai ake kwantar da ita, lanƙwasasshen ba ya zama. Aka cire sauran ƙafafun biyu, aka rufa barguna, aka ɗaga katakon aka zura kura a daidai inda nauyi ya daidaita, wato kusa da ɓangaren maɓallai, ba tsakiyar tsawon ba.

Ina tsugune ina duba zaman kurar, wani yaro daga can ɗaya ɓangaren ya jefo bel na biyu ya hau ɗaurewa. Ƙat, ƙat, ƙat. Da na zo miƙewa sai na ji ban miƙu ba. Ya haɗa da gefen kaftanina, har da aljihun da wayata take ciki.

Ban kai ga yin magana ba shugaban ya ce, "Mu je!" Ashe barandar an yi mata ɗan gangare don ruwan sama. Kura ta ji daɗin hanya. Kilo 300 na tafiya a karkace, ni kuma ina binta a duƙe da gudun agwagwa, ina ihun "Weji! Weji!" 'Yan dako suna ta ƙarfafa min gwiwa: "Riƙe ta, Oga, kai ka san kanta!" Wayata ta fara ƙara a cikin bargo. Hajiya ce ke kira daga ofis, wai ta ji hayaniya.

Takalmin soson maigadi ne ya tsayar da mu, da ya cusa shi ƙarƙashin taya. Sai da aka sassauta bel ɗin na fito, aljihu a yage.

A ɗakin, Hajiya ta ce a gyara sautin yau. Na ce a bar ta mako biyu katakon ya saba da iskar wurin, balle ga hunturu ya kama. Muka zo mayar da ƙafafu, ga lamba 1, ga lamba 3, babu 2. Aka bincika ko'ina. Can maigadi ya taho da ita a kafaɗa, yana tafiya da takalmi ɗaya. Ya ce ya ga itacen a yashe ne, shi ne ya tokare get da shi, kuma idan mun gama yana so a bar masa.