Ruwanka ya yi ƙyalli a laftof, to a Tecno fa?

Ina da magana da samarinmu masu haɗa wasannin 3D a nan Legas, musamman waɗanda suka fara jin daɗin rubuta sheida, wato ɗan shirin nan da ke gudana a kan GPU (sashen na'ura mai zana hoto) yana yanke launi da hasken duk abin da ke kan allo. Da mutum ya iya sa ruwa ya yi ƙyalli, sai ya ɗora bidiyo a yi ta yaba masa. Madalla. Amma a laftof mai katin Nvidia aka ɗauki bidiyon, alhali yaron Agege ko Idi-Araba da zai buga wasan, Tecno ko itel ce a aljihunsa.

Ku yi lissafi mana. Ƙaramar waya mai allo 720 da 1600 tana da ɗigo 1,152,000. In kana son hoto 60 a daƙiƙa, sheidar ɗigo, wato wadda ke fente kowane ɗigon allo, za ta gudana sau miliyan 69 duk daƙiƙa, kuma wannan in sau ɗaya aka fente kowane ɗigo ke nan. Ka jera hayaƙi, gilashi da hazo a kan juna, sai a fente wuri guda sau uku ko huɗu. Nan wayar za ta ɗau zafi, ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, caji ya zube, ga wutar Legas yadda take.

Sheidar kusurwa kuwa, wato wadda ke lissafa inda kusurwoyin siffofin 3D za su tsaya a allo, sau ɗaya take aiki a kan kowace kusurwar siffa, kuma kusurwoyin ba su kai ɗigon allo yawa ba ko kusa. Duk lissafin da zai yiwu a can, a kai shi can. Inuwar bangon da ba ya motsi, a zana ta cikin hoton bangon tun farko. A GLSL, harshen rubuta sheida, mediump (matsakaicin daidaiton lissafi) ta wadatar wa launi, ba sai highp (babban daidaito) ba.

Wasu na raina tsohuwar dabarar haske ta Blinn-Phong wai ta 1977 ce. Ni dai ban ga laifinta ba, har yau tana fitar da ƙyallin ƙarfe da ɗan lissafi kaɗan.

Kafin ka sake ɗora bidiyo, ɗan'uwa, shiga Computer Village a Ikeja ka sayi wayar hannu mafi araha, ka buga wasanka na minti 20 cikin zafin rana. Bidiyon wannan wayar nake son gani.