Maɓalli uku a Babbar Kasuwa

Tunda mutumin namu na Bukoki ya ga dama ya watsa bidiyon da ya ɗauke ni ina fama a wajen sayen kwamfuta a gurup, ya kuma yanke shi daidai inda ya fi yi masa daɗi, to ku saurara ku ji daga bakin mai abin.

Kun san kwas ɗin rezo da nake zuwa da dare. Malaminmu ya ce kowa ya sa VirtualBox da GNS3 a kwamfutarsa, ta farko manhajar gina kwamfuta a cikin kwamfuta, ta biyu ta gwajin haɗa rezo. Tsohuwar tawa, wadda Yaya ya bar mini da zai koma Agadas, Core 2 Duo T6600 ne a cikinta. Na sa VirtualBox, ta ce ba VT-x, wato birtuwalizasiyon, dabarar cikin furosesa da take dogara da ita, kuma ko kwana zan yi ina roƙo ba za a samu ba, don tun daga masana'anta furosesan bai zo da shi ba. Da can VirtualBox yakan lallaɓa ya yi aikin da dabara ko babu, amma daga fitowa ta 6.1 a ƙarshen 2019 suka daina wannan sassaucin. Malam ya ce in nemi wata mai VT-x in Intel ce, ko AMD-V in AMD ce, RAM kada ya gaza jiga 8. Na haɗa jika 150, rabi adashi, rabin kada ku tambaya, na zuba Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kile, ni da mutumin namu muka hau babur ɗin nan nasa da sai an tura, sai Babbar Kasuwa.

Shagon Alhajin nan ne da kuka sani, mai fanka ɗaya da ke kallon shi kaɗai. Kwamfutoci okaziyon jere a kan kanta, wasu ko takardar kamfanin Turai da ke manne a murfinsu ba a ɓare ba. Ya jawo wata HP ya hure ƙura.

"Core i5 ce, SSD, batiri lafiya lau. Ba ta taɓa ganin makaniki ba."

Na ce, "Alhaji, tana da birtuwalizasiyon?"

Ya ce, "Tana da kamara, tana da Wi-Fi, har Bluetooth."

To daga nan bidiyon ya fara, shi ya sa kuka gan ni ina ta wurga hannu. Bayani nake yi, kuma har gobe ina nan a kan cewa bayanin daidai ne. Na ce masa kwamfuta ce ake ginawa a cikin kwamfuta, kamar ka yanka gida guda ɗaki-ɗaki ka zuba 'yan haya, kowa yana ganin shi kaɗai ne mai gidan, furosesa kuwa shi ke raba musu wuta da ruwa ba tare da sun yi faɗa ba. Na ce Intel ta fara sa abin a 2005 cikin wasu Pentium 4, AMD ta biyo baya a 2006. Na ce kusan duk Core i3 da i5 da i7 suna da shi, amma samunsa a furosesa daban, kunna shi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, daban, don wasu a kashe yake zuwa, a na AMD ma sai ka nemi inda aka rubuta SVM. Alhaji yana gyaɗa kai yana ƙirga kuɗin wani. Mutane suka fara tsayawa. Mai sayar da gilashin waya na gefe ya leƙo, wani ɗan kabu-kabu ya kashe babur ya jingina.

A kan bencin ƙofa akwai wani tsoho, ba'adare, da goro a kumatu da wayarsa a caji. Zan dawo kansa.

Na ce a ba ni wuri in shiga BIOS. A HP F10 ake dannawa, a Dell F2, a ThinkPad F1, duk na haddace tun a gida. Na kashe ta, na kunna, na ɗaga yatsa zan danna, sai ga Windows ta riga ta buɗe tana mini sannu da zuwa. SSD ba ya jiran kowa. Na sake. Ta sake riga ni. Na sake, wannan karon na dafe F10 tun kafin ta farka, sai ta fasa wani ƙara, ƙiiii, har mai gilashin waya ya ja da baya. Ana cikin zafin Afrilu, fankar tana can tana wa Alhaji hidima, gumi ya fara bin gashin girata yana ɗiga a kan madannai. A garin sauri yatsa ya zame ya faɗa kan F11, wato hanyar gyaran Windows, fuskar kwamfuta ta koma shuɗiya fes da rubutun Faransanci.

Tsohon ya cire goro daga kumatu ya duba shi, ya mayar.

"Alhaji, ya kashe ta hwa. Wagga na'ura ta yi shuɗi."

Na ce, "Baba, ba ta mutu ba."

"Awo. Haka anka ce ma tawa rediyo."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya daina ƙirga kuɗi, ya taso ya tsaya a bayana, numfashinsa a wuyana. Na ce a raina to bari in fito da babban makami. Na soka kile, na samu F9 ta kama, Ubuntu ta fara tashi, fararen rubuce-rubuce suna gudu a kan baƙin allo. Wurin ya yi tsit. Na ji ɗan kabu-kabun yana raɗa wa wani cewa irin waɗannan ne ke kwashe kuɗin mutane daga waya. Ban kula shi ba, don a lokacin girmana ya fara dawowa.

Na buɗe inda ake rubuta umarni. Abin da ake rubutawa ɗan kaɗan ne: grep vmx /proc/cpuinfo. In furosesan Intel yana da abin, kalmar vmx za ta fito, in na AMD ne svm ake nema. Na rubuta ba tare da na kalli allo ba, ina kallon tsohon ido cikin ido, na buga Entrée da ƙarfi.

Shiru. Ɗan ɗigon nan yana ƙiftawa kawai.

Na jira. Jama'a suka jira. Alhaji ya ce, "Me ta ce?" Na ce tana lissafi. Na sake rubuta umarnin na buga, sai kwamfutar ta maido mini da abin da na rubuta, harafi da harafi, a layi na ƙasa. Na sake rubutawa, ta sake maimaitawa. Tsohon ya taso da sandarsa ya sunkuyo har hularsa tana taɓa kunnena, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga jama'a.

"Kwaikwayonshi taka yi."

Wallahi ɗan kabu-kabun nan sai da ya durƙusa. Mutumin namu kuwa, da kuka ga hoton yana rawa a daidai nan, ba hannunsa ke ciwo ba.

Abin da ya faru, kamar yadda Malam ya warware mana daga baya shi ma yana share hawaye, madannan kwamfutar AZERTY ne irin na Faransa, Ubuntu kuma ta tashi da tsarin QWERTY na Amurka. Inda aka zana M a nan, can waƙafi mai ɗigo ne. Sai vmx ya zama v;x, sandunan nan (/) da ke tsakanin kalmomi su ma suka koma wata alama. Wato na umarci grep, mai nemo kalma a cikin fayil, ya nemi harafin v, ban ba shi fayil ba, sai ya zauna yana jiran abin da zan rubuta, duk layin da ya ga v a ciki ya maido mini. Aikinsa yake yi tsakani da Allah. Ya ce da lscpu na rubuta da an wuce wurin, don haruffan nan biyar wuri ɗaya suke a tsarin biyu. To wannan magana a aji mai sanyi ake yin ta, ba a tsakiyar kasuwa da hular wani a kunnenka ba.

Ana cikin haka sai na ji wata 'yar murya a ƙasan hammatata.

"Tonton, in gwada?"

Yaron shagon ne, wanda ake aika sayen ƙanƙara. Ko gemu bai san da zuwansa ba. Farimasa ce a hannunsa, ya cusa ragowar a baki, ya goge yatsu a wando, gogewar da ba ta cire komai ba. Ya zare kile ɗina ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya kashe, ya kunna, Windows ta buɗe. Ya danna maɓalli uku tare, Ctrl da Maj da Échap. Ya taɓa Performance, ya taɓa Processeur, ya sa ɗan yatsansa mai maiƙo a ƙasan allo ta dama.

Virtualisation : Activé.

"Wannan kake nema, Tonton?"

Tun da Alhaji ya hure mata ƙura abin a kunne yake. Na tsaya riƙe da kile, ina kallon tabon mai guda uku da ya bari a kan maɓallan, suna ƙyalli. Na buɗe baki in ce ai dama na san wannan hanyar, kuma na san ta, tun daga Windows 8 ake ganin layin a wurin, amma tafi ya riga ya rufe muryata. Tsohon ya laluba aljihu ya ciro dala goma ya danƙa wa yaron.

"Amshi, ɗiyana. Kai ne injiniya. Wancan mai jawabi ne."

Yanzu bari in yi maganar tsohon nan, don shi ne ya fi tsaya mini a rai, ba yaron ba. Yaro ya yi abin da ya iya, Allah ya yi masa albarka. Amma shi wannan bawan Allah ba ciniki ya kawo shi ba, ba ɗan'uwan Alhaji ba ne, ba mai gadi ba ne. Cajin waya yake zuwa yi kyauta tun safe, wayar da ko hoto ba ta ɗauka. Wai tsohon ma'aikacin gidan waya ne, wai a zamaninsu shi ke riƙe da teles, na'urar aika saƙon rubutu ta da, wai ɗansa na Tamanraset yana kwance kwamfuta ya ɗaura ido rufe. Duk wannan a cikin mintunan da nake fama ya sanar da jama'a, ba wanda ya tambaye shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani ya iso a makare ya ce me aka yi, tsohon ya gyara zama ya ba shi labari daga farko, ina tsaye a wurin, har da cewa hayaƙi ya fito. Wane hayaƙi? Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Ya ce shi dai ya ji ƙauri. Ƙaurin masu tsire ne na tsallaken titi, kowa ya sani, amma zuwa yanzu na ji labarin hayaƙin nan ya kai Wadata.

Ga kuma abin da bidiyon bai nuna muku ba. Akwai wata kwamfutar a gefe, irin ta farkon sak, Alhaji ya ce zai rage mini jika 20 a kanta. Na danna maɓallan yaron, ta ce Désactivé. Na riƙe Maj na danna Redémarrer, na bi ta shuɗin allon nan da aka ce mutuwa ce, Dépannage, Options avancées, har ƙofar BIOS. Sai ta nemi kalmar sirri. Alhaji ya ce shi bai san da wata kalma ba, haka aka kawo su a kwali. Kamfanin da ya yi aiki da ita a Turai ne ya kulle, kuma irin waɗannan na ofis ba a cire ƙaramin batirin ciki su manta. Furosesan yana da VT-x, amma ba hanyar kunna shi. Da wani ne ya ga Core i5 ya ga rangwame ya biya, da ya kai gida ya zauna da ita yana kallon bidiyo. Abin da nake ta faɗa ke nan tun farko, a duba BIOS kafin a miƙa kuɗi.

Na juyo da murna in nuna wa jama'a. Ba kowa. An kira la'asar, duk sun tafi alwala, har tsohon, ya bar wayarsa tana caji. Yaron ne kaɗai, yana lasar takardar farimasa. Na ce wa mutumin namu ya ɗauki wannan ma, ya ce batirinsa ya mutu. Batirin da ya yi minti nawa yana ɗaukar gumina.

Ciniki kuwa ba ƙarfi a bakina. Wanda aka yi wa tafi a kansa ba ya taya kaya. Alhaji ya ce jika 145, na ce a rage, ya dubi yaron, yaron ya dube ni, na biya. Na dai tabbatar BIOS ɗin ta farkon a buɗe yake, i5-6300U ne a ciki, na kuma duba lambar a shafin Intel ta wayata, VT-x yana nan. Ƙanin matar Yaya ya ce mini ƙarni na 6 ne, ba ya cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su, wai daga na 8 ake farawa. Shi ma bai ga bidiyon ba tukuna, shi ya sa yake mini magana da ladabi.

A gida VirtualBox ta tashi, amma da wani ɗan koren kunkuru a ƙasan taga, komai yana jan ƙafa. Malam ya ce WSL2, abin gudanar da Linux a cikin Windows da ya sa muka kunna don wani darasin, shi ne ya tayar da Hyper-V, kishiyar VirtualBox ta cikin Windows, shi kuma ya riga ya kame VT-x ɗin, sai an kashe ɗaya ɗayan zai sake. Ban kashe ba tukuna. Sharjer ɗin ma da aka haɗo ni da shi sai an ɗaga wayarsa sama an danne da littafi yake ci, dole in koma a canza mini. In akwai wanda ya san lokacin da tsohon nan yake tafiya cin abinci, ya yi mini magana ta gefe, ba a gurup ba.