Ba duk ciyawa mai suna ɗaya ce iri ɗaya ba

Na gode da rahotonku kan yaƙi da baƙuwar ciyawa ta hanyar sakar mata ƙwari ko cuta. Amma inda kuka ce da zarar an kawo ƙwaro ko cutar da ke cin baƙuwar ciyawa daga ƙasarta ta asali shi ke nan an gama da ita, a nan ban yarda ba.

Ku dubi Ostireliya. A 1971 aka saki cutar tsatsa, Puccinia chondrillina, don ta ci ciyawar Chondrilla juncea da ta addabi gonakin alkama. Ashe ciyawar iri uku ce a ƙwayoyin halittarta. Tsatsar ta durƙusar da mai siririn ganye, sauran biyun masu faɗin ganye ba ta kama su ba, sai suka samu fili suka bazu. Ita kuwa Lantana, wata baƙuwar ciyawa mai furanni, da yake an yi ta auratayya tsakanin ire-irenta, an sakar mata ƙwari kala-kala amma har yau tana nan daram.

Abin da ya fi damuna shi ne tsirran gida. Asun Cactoblastis da ya ceci Ostireliya daga kaktus (wani tsiro mai ƙaya), da ya isa jihar Florida ta Amurka a 1989, kaktus ɗin gida ya koma ci. Don Allah a riƙa gwada ƙwayoyin halittar ciyawa tukuna kafin a saki komai.