Ba kowane jirgin kamun salmon ke jan taru ba

Mutane da yawa sun ɗauka duk mai kamun kifin salmon don sayarwa taru yake ja, ya kwashe manya da ƙanana. A kudu maso gabashin jihar Alaska ta Amurka akwai masuntan da fatsa ce kawai sana'arsu. Jirgi na tafiya a hankali yana jan igiyoyi masu ƙugiya, ana ɗago kifi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake iya mayar da Chinook (wani nau'in salmon) da bai kai inci 28 ba cikin ruwa.

Kuma ba sakaka aka bar su ba. Yarjejeniyar Amurka da Kanada ta 1985 ke ƙayyade yawan Chinook ɗin da za a kama a shekara, kason na cika hukumar kifi ta jihar ta rufe kamun.