Majalisar da ba ta da masananta, kamfanoni ne za su rubuta mata doka

A watan Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte a ƙasar Holan ta yi murabus ɗungurungum. Hukumar haraji ce ta zargi dubban iyalai da zamba a kuɗin tallafin rainon yara, ta tilasta musu mayar da kuɗin, wasu suka nutse cikin bashi, wasu aurensu ya mutu. Daga baya aka gano cewa manhajar da ke tantance wanda za a bincika tana ɗaukar rashin zama ɗan asalin ƙasar a matsayin alamar haɗari. Mace ta cike takarda da ƙaramin kuskure, sai wasiƙa ta iso tana neman ta biya duk abin da ta karɓa cikin shekaru, kuma babu jami'in da zai iya gaya mata dalilin da ya sa aka zaɓo sunanta. Majalisar ƙasar ta farga ne bayan ɓarnar ta yi nisa.

Wannan ne batu na farko da ke jiran 'yan majalisa a ko'ina: wa zai amsa laifi idan na'ura ta yanke hukunci a kan ɗan'adam? Ana yawan zancen ƙirƙirarriyar basira kamar dodon da zai zo gobe, alhali tuni ta shiga tantance masu neman aiki, da masu neman rance, da masu karɓar tallafi. Tarayyar Turai ta yi doka a kanta, wadda ta fara aiki a Agustan 2024. Ta sanya irin waɗannan ayyuka a rukunin masu babban haɗari, ta wajabta sa idon mutum, tare da tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya ga mafi munin laifuffuka. A ganina abin da ya fi tarar kuɗi muhimmanci shi ne haƙƙin wanda aka cuta ya san dalili, ya kuma ɗaukaka ƙara gaban mutum mai suna da ofis.

Sai batun wuta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, kuma tana hasashen adadin zai ninka zuwa 2030. A Ailan, waɗannan cibiyoyi sun cinye kashi 21 cikin 100 na wutar da aka auna a 2023. Idan aka faɗaɗa tashoshi da layukan wuta saboda su, wa zai biya: kamfanin, ko magidancin da takardar kuɗin wuta ke zuwa masa ƙarshen wata? Wannan tambaya ta kwamitin makamashi ce, ba ta injiniyoyi kaɗai ba.

A fannin lafiya kuma, Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy a ƙarshen 2023, maganin cutar sikila da aka gina kan fasahar gyara ƙwayoyin halitta ta CRISPR. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Maganin da mafi yawan masu cutar ba za su taɓa ganinsa ba, majalisa ce za ta yanke yadda inshora da baitulmali za su tunkare shi. Ita ce kuma za ta ja iyaka tsakanin warkar da marar lafiya da taɓa halittar jariran da ba a haifa ba, kamar yadda He Jiankui ya yi a Sin a 2018, aka ɗaure shi shekara uku. Akwai ma batun kwamfutar kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta mai ƙarfin lissafi, da ake fargabar za ta fasa makullan sirrin bankuna; hukumar NIST mai tsara ma'aunan fasaha a Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kariya a Agustan 2024, saura dokar da za ta sa wa hukumomi wa'adin sauyawa.

To, ɗan majalisar da ya karanci shari'a ko kasuwanci, ina zai samo ilimin auna duk wannan? Galibi daga bakin masu kamfanonin da dokar za ta shafa, domin su ne ke da kuɗin ɗaukar ƙwararru su turo zaman jin ra'ayin jama'a da takardu masu ƙyalli. Ba wai ƙarya suke yi ba, amma kowa muradinsa yake karewa.

Amurka ta taɓa magance wannan. A 1972 majalisarta ta kafa ofishin tantance fasaha, OTA, wanda ya yi wa jam'iyyun biyu aiki, ya fitar da rahotanni kusan 750. A 1995 aka rufe shi da sunan tsimin kuɗi, daidai lokacin da intanet ke shiga gidajen jama'a. Birtaniya kuwa tana riƙe da nata, POST, tun 1989, Jamus ma ta kafa irinsa a 1990.

Za a ce masana ma suna da son rai, kuma rahoto yakan ɗauki lokaci fasaha ta wuce shi. Haka ne, shi ya sa ya kamata shugabancin ofishin ya haɗa masu mulki da 'yan adawa, a riƙa wallafa rahotanninsa kowa ya gani, a kuma rubuta a jikin kowace dokar fasaha ranar da tilas a dawo a sake duba ta. Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a dandalin sada zumunta a Nuwamban 2024, kuma majalisu da dama na shirin kwaikwayo. Kafin su kwafa, suna buƙatar wanda ba ya cin albashin Meta ko TikTok ya bayyana musu yadda ake tabbatar da shekarun yaro ba tare da tattara katin shaidar kowane baligi ba.