Amai daban, tsoro daban

Wai don Allah laifin yarinyar nan mene ne? Na kwana da abin na tashi da shi, na ce bari dai in amayar ko na samu in sha shayina cikin kwanciyar hankali. Ga abin da ya faru jiya a gurup ɗin da muke biyan kuɗi muna karanta wani labarin ban tsoro fej-fej. An saki fej na 14, wancan da matsafa suka kwantar da amarya aka yi ta lissafo mana hanji da tumbi da hanta kamar muna gaban mahauci, wata yarinya ta biya riyal 10 ɗinta ta karanta, ta ce wa marubuciyar "Anti ni dai gaskiya ban ji tsoro ba, zuciyata ce kawai ta tashi." Shikenan fa. Aka yi mata caa kamar ta zagi uwar wani, kafin la'asar admin ta cire ta. Wata har da cewa in ba ki da ƙarfin zuciya ki koma karatun soyayya. Sannunku jarumai, Allah Ya ƙara ƙarfin zuciya.

To ni ma ga ni nan, a cire ni. Ban ji tsoro ba. Ƙyama na ji, na ture farantin tamis da ful, wato gurasa da wake, da ke gabana, bayan minti biyar na jawo abina na ci gaba da ci, da dare na kashe wuta na yi barcina har da munshari. Labarin da ya ba ka tsoro ba ya barin ka shiga banɗaki kai kaɗai ƙarfe biyun dare.

Kuma wai mu za a tsorata da jini? Mu da muka tashi a ƙasar nan ta Saudiyya? Duk babbar sallah ni ce mai wankin kayan ciki a gidanmu tun ina 'yar shekara 12, hannuna cikin tumbin rago har gwiwar hannu ina hira ina dariya. Yayana ya yi aikin mosim, wato aikin lokacin Hajji, a mayankar Mu'aisim can wajen Mina, inda ake yanka hadayar alhazai, tumaki dubu ɗaruruwa cikin kwana uku, ya ce jini har idon sawu, wari kuma sai ka yi sati kana jin sa a hancinka. Na tambaye shi ko ya taɓa mafarkin abin, ya ce shi mafarkin da yake yi na kuɗinsa ne da aka ja masa rai kafin a biya. Yau wata ta zo ta rubuta mana "jini ya yi tsartuwa" sau tara a fej ɗaya tana jiran mu suma.

Bari in gaya muku ranar da na san tsoro. Nuwamban 2013 ne, wa'adin da aka ba baƙi na gyaran takardun zama ya ƙare, kame ya kankama, duk wanda ke Jidda lokacin ya san yadda hara, wato unguwa, ta yi tsit, bagala ma, shagunan kayan masarufi, rabi a rufe. Ni ina da igama, wato takardar izinin zama, amma ƙanwar babarmu da ke kwana ɗakinmu da jaririyarta ba ta da ko takardar tsire. Wajen ƙarfe biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sau uku, a hankali, ba da ƙarfi ba. Babarmu ta miƙa hannu ta kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin ya yi shirun da har ɗigar famfon kicin kake ji, ƙanwar babarmu ta cusa wa jaririyar nono a baki duk da barci take yi, ni kuma idona na kan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ina ganin inuwar ƙafa biyu a tsaye, ba ta matsa ba, ba ta yi magana ba. Wallahi ban san minti nawa muka yi a haka ba. Ashe maƙwabciyarmu ce, ɗanta zazzaɓi ya rufe shi ta zo neman Panadol, ita ma tsoro ne ya hana ta ɗaga murya. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi a daren nan. Amma har yau in aka ƙwanƙwasa min ƙofa sau uku a hankali sai na ji cikina ya juya.

Abin da nake so marubutanmu su gane ke nan, kuma da gaske nake, ba habaici. Inuwar ƙafar nan ita ce labarin. Da zarar kin buɗe ƙofar kin nuna min dodon da haƙoransa da yawunsa da adadin yatsun da ya cinye, kin sauke min nauyin, na huta, sai kallo kawai. Kakata Allah Ya jiƙanta ba ta taɓa riƙe biro ba, amma in ta zaunar da mu a saman rufi ta fara ba mu labarin matar da ake kiran sunanta da tsakar dare da muryar uwarta da ta rasu, sai ta yi ƙasa da murya ta ce kiran farko ba ta amsa ba, na biyu ba ta amsa ba, sai ta yi shiru ta ɗauki goronta ta ɓantara. Mu ce Kaka na ukun fa? Ta ce ku je ku kwanta. Ba ta taɓa gaya mana kamannin mai kiran ba. Na kusa shekara 40 yanzu, in na ji sunana da dare sai an maimaita nake amsawa.

Na san me za ku ce. Ai Turawa ma haka suke yi. To sai me, su ma masu yin hakan amai suke sa mutane. Ai kowa da abin da yake so. Na yarda, mai son kayan ciki ya ci abinsa, amma a daina rubuta "mai raunin zuciya kar ya karanta" a saman fej ana sayar mana da shi da sunan ban tsoro, a rubuta mai saurin amai kar ya karanta, kowa ya san abin da ya saya. Ai in kin isa rubuta naki mu gani. Ban iya ɗinki ba amma in tela ya karkata min wuyan riga ina gani. Ai mutum ɗari uku sun biya. Eh, in aka yi hatsari a hanyar Makka ma motoci ɗari uku ne za su rage gudu su leƙa.

Kuma masu kwament ku ne manyan masu laifi. "Wayyo Anti kin kashe ni", "na kasa cin abinci", sitika sitika sitika, ita kuma marubuciyar baiwar Allah ta ɗauka ta iya, gobe ta ƙara guga biyu na jini tunda shi kuka tafa wa, jibi sai ta rasa abin yankawa ta koma kan jarirai, kuma dama na ga alamar can aka nufa. Mutum ɗaya ce ta gaya mata gaskiya cikin ladabi har da Anti a gaba, ita aka kora. Abin haushin ma marubuciyar nan ta iya, fej na 3 inda amaryar ta lura duk gidan babu madubi ko ɗaya kuma babu mai gaya mata dalili, wallahi sai da na ɗaga kai na duba bayana. Nan ne ya kamata ta zauna, nan ɗin kuma ko mutum biyar ba su yi sharhi ba.

Ni dai a mayar da yarinyar nan gurup, ko a mayar mata da riyal 10 ɗinta.